Dokar Hana Duƙawa

A wani daji mai baƙar ƙasa, inda ruwan sama ba ya yawan saɓa alkawari, dabbobi suna da gandu guda ɗaya na kowa da kowa. Farar masara suke shukawa a cikinsa tun zamanin kakanni, kuma duk dazuzzukan da ke kewaye babu mai irinta. Ƙwayarta manya-manya, garinta fari tas, in kuwa aka ɗora ɗanyarta a kan garwashi, ƙamshin kan sa masu gaba su zauna a inuwa ɗaya.

Irin wannan masara yana hannun wata tsohuwar Gafiya da ake kira Uwar Iri, aikin da ta gada daga mahaifiyarta. Duk kaka sai ta zaɓi zangarnun da suka fi cika, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore musu ƙwari. Idan damina ta zo, rabi take bayarwa a shuka, rabin kuma ya ci gaba da shan hayaƙi, na ko-ta-kwana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar da iri ya ƙare a ɗakinta, farar masara ta ƙare ke nan, don babu maƙwabcin da za a je a roƙa.

Ciyawa kuwa da gayya ake maganinta. A buga gangar noma, kowa ya fito da fartanyarsa, a duƙa tun safe har rana ta take tsaka. Ba banza ake yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki ba. Kada kuma wani ya yi muku ƙaryar cewa dabbobin nan suna son abin. Ba sa so ko kaɗan. Gafiya ma ta fi kowa mita, don ƙugunta ya daɗe da yi mata tawaye, in ta duƙa da safe sai an kama ta kafin ta miƙe.

Ana nan sai aka naɗa Gadu Sarkin Noma. Gadu ba shi da mugunta a zuciya. Ciwonsa guda ne, yana so bayan ransa a riƙa cewa a zamanin Gadu aka fara abu kaza, sai dai har aka gama naɗa masa rawani bai gano wane abu ba ne.

Rawanin bai gama zama a kansa ba sai ga Hankaka, ɗan kasuwa mai yawon garuruwa, ya sauka a gindin tsamiyar da majalisa ke zama, da wata gora a rataye. Ya gyara farin ƙirjinsa, ya kwashi gaisuwa, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe Sarkin Noma, da sauran manya, na zaga duniya, na ga inda ake noma a tsaye. Wallahi da na tuna ku a duƙe cikin rana, sai da idona ya kawo ruwa. Abin da ke cikin gorar nan maganin ciyawa ne. A zuba cikin murfi ɗaya a ruwa, a fesa, a koma inuwa. Ciyawa ta mutu, masara ta tsaya. Ban ce ku yarda da bakina ba, ai gani ya kori ji. Ku ba ni gefen gona, ku haɗa ni da mai dogon hanci."

Aka kira Giwa, ta zuƙa ta fesa. Ba a daɗe ba ciyawar gefen nan ta yi ja ta kwanta, masara kuwa tana tsaye tana kaɗa ganye abinta. Majalisa ta ruɗe da murna. Gafiya ta rangaɗa guɗa har sai da tari ya sarƙe ta. Gadu ya ji a jikinsa cewa abin da yake nema ya kawo kansa har gida, sai ya hau kan tushen tsamiya ya ɗaga murya:

"Jama'ar daji, ku shaida! Kakanninmu sun duƙa, iyayenmu sun duƙa, mu ma mun duƙa har bayanmu ya lanƙwashe. To, yau duƙawa ta ƙare. Na rantse da rawanin nan, muddin ina Sarkin Noma, babu dabbar da za ta sake duƙawa a cikin gandu. Wanda ya duƙa ya raina magani, wanda ya raina magani ya raina majalisa, wanda ya raina majalisa kuwa, ya san sauran."

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kafin a tashi rantsuwa ta zama doka. Aka bi gida-gida aka tattara fartanyoyi, aka gina musu ɗakin tarihi, inda ake kai yara su ga irin wahalar da kakanni suka sha. Gafiya ce ta fara kai tata, ta ajiye ta ba ko waiwaye.

Sai wata tambaya ta taso. Tunda ba mai duƙawa, wa zai riƙa duba lafiyar shuka? Nan ma ba a sha wahala ba. Aka naɗa Raƙumin Dawa shugaban Kwamitin Duba Gona, don shi kaɗai ke iya ganin gandu daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ya karya doka ba. Gajeru irin su Bushiya da Kurege sun nemi a sa su, aka ba su haƙuri, aka ce aikin na masu hangen nesa ne. Aka kuma tsara cewa takin zamani, wanda shi ma Hankaka ke kawowa, za a riƙa zuba shi ne a ɓangaren da ya fi kore, don mai ƙoƙari ake ƙara wa ƙarfi.

Shekarun farko abin sai son barka. Rumbuna suka cika, ƙugu ya huta, dabbobi suka yi ƙiba suka ƙware a dara.

Amma akwai wadda ba a gayyata taron ba, kuma ita ce ta fi kowa cin moriyarsa. A cikin ciyawar harkiya da ke gandun akwai 'yan tsiraru masu jan kara, waɗanda in an yi feshi sukan yi laushi, su kwanta kamar za su tafi, sannan su miƙe su karkaɗe jiki. A da ba su da wani tasiri, don sauran ciyayi sun matse su, fartanya kuma ba ta tambayar launin kara. Yanzu magani ya share musu abokan gasa, doka ta ɗauke musu fartanya. Suka zuba 'ya'ya son ransu, 'ya'yan suka gado taurin kan iyayensu. Maganin kuwa shi ne dai guda ɗin nan, damina bayan damina, domin Hankaka ya ce ba a canza dokin da ya ci sukuwa.

Ita jan-kara ba ta jiran kowa. Takan riga masara tsiro, ta shimfiɗa saiwa a saman ƙasa, daidai inda ake watsa taki. Kafin masara ta miƙo tata saiwar, an shanye romo an bar mata kwano. Inda jan-kara ta fi yawa, nan ya fi kore. Inda ya fi kore, nan Raƙumin Dawa ke nunawa da haɓa, nan kuma ake juye buhunan taki. Ni dai ban taɓa jin inda aka yi wa ɓarawo hidima irin wannan ba.

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Rumbu ya fara tsayawa a wuya, daga nan ya koma ƙirji, wata kaka kuma aka leƙa aka gan shi a cibiya. Majalisa ta zauna neman dalili, aka ba Raƙumin Dawa dama ya yi bayani. Muryarsa ta sauko daga can sama a natse:

"Ranka ya daɗe, ni abin da idona ya gani zan faɗa, ba na ƙari ba na ragi. Tun da nake ban taɓa ganin gandu ya yi kore shar irin na bara ba. To, in gona ta yi kyau haka amma rumbu bai cika ba, ba laifin gona ba ne, ba laifin magani ba ne, ba kuma laifin kwamiti ba ne. Shukar ce ta yi kaɗan. Ƙasa tana kukan iri, mu kuwa mun rataye rabinsa a ɗaki yana shan hayaƙi."

Idanu suka koma kan Gafiya. Ta miƙe da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, ni ban san abin da ke damun gonar nan ba, ba kuma zan yi ƙaryar sani ba. Magani kuwa kowa shaida ne ni na fara yi masa guɗa. Amma uwata ta bar mini magana guda, ta ce ba a kai iri gona duka. In aka shuka na ko-ta-kwana, shekara ta ƙi, me zan rataya? Ku ɗauki rabin da aka saba, ku ƙara da wani abu in kun ga dama, amma don girman Allah ku bar mini ko ɗauri ɗaya."

Gadu ya yi murmushi irin na mai lallashin tsohuwa. "Inna, ai wannan tsoron zamanin fartanya ne. Yanzu shekara ba ta ƙi. Ki kawo duka, da kaka zan sa a cika miki ɗaki har ki rasa wurin kwana."

Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da ita warwas. Washegari birai, waɗanda su ne dogaran majalisa, suka zo suka sauke irin kaf. Gafiya ta zauna tana kallon igiyoyin da hayaƙi ya baƙanta suna lilo babu komai a jikinsu. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin saman murhun nan haka ba. Ta yi kuka mai isarta, kukan tsoro, don ta san yanzu gadon uwarta da na dajin duka yana kwance a cikin ƙasa, ba shi da mataimaki sai Allah.

Aka yi shuka, ruwa ya zauna, Giwa ta yi feshi. Gafiya ta kasa zaman gida, kullum sai ta bi ta cikin gandu, a tsaye dai kamar yadda doka ta ce. Ita ba doguwa ba ce, saboda haka ba koren sama take gani ba. Abin da ta gani ya tsinka mata zuciya. Jan-kara ta kai mata iya wuya, kauri kamar an yi mata kiwo, masara kuwa ga ta nan a tsakiya, siririya, ganyen ƙasa ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara.

Ta garzaya majalisa ta faɗi abin da ta gani. Raƙumin Dawa ya ce shi bai ga rawaya ba, kuma ya fi ta ganin wuri mai faɗi. Hankaka ya ce in ma akwai 'yar ciyawa da ta rage, maganin abin mai sauƙi ne, a ninka magani. Aka ninka. Bakin ganyen masara ya ƙone, ragowar ciyayi masu ladabi suka mutu, jan-kara ta yi kwanciyarta ta al'ada ta tashi ta tarar fili ya ƙara faɗi. Kwamiti ya ga kore ya ƙaru, ya ba da umarni a ƙara taki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wata safiya Gafiya ta tsaya a kusurwar gabas, gaban wata masara da ciyawa ta shaƙe har ba a ganin gindinta. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ba ta kuma yi niyyar zama jaruma ba. Hannunta ne kawai ya tuna aikinsa. Ta duƙa, ta damƙi jan-kara, ta ja. Ƙugunta ya yi ƙara, ciyawar ta fito da dunƙulen ƙasa, saiwarta cunkus da farin taki. Ta jefar, ta kama ta gaba. Tana kan ta gaban ta gaba ke nan wani biri ya dirko daga bishiya yana ihu an kama mai laifi.

Hawainiya ce mai shari'a a dajin. Alƙaliya ce mai natsuwa, ba ta gaggawar taku, kuma Allah ya hore mata idanu masu aiki daban-daban, ɗaya kan wanda ake ƙara, ɗaya kan wanda ya naɗa ta. Ta tambayi Gafiya ko ta amsa laifinta.

"Ranki ya daɗe, na duƙa," in ji Gafiya. "Ba zan ce tuntuɓe na yi ba. Ban raina magani ba, ban raina majalisa ba, Sarkin Noma kuwa a gabana aka haife shi, ban taɓa nufinsa da sharri ba. Irina ne a ƙasar nan, ba ni da wani a ɗaki. Na ga ana cinye masa abinci yana ji yana gani, na kasa wucewa. In an sake ni ma, gaskiya, gobe zan koma."

Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dubi Gadu, ta ga fuskarsa a murtuke, sai launinta ya ɗan yi duhu. Ta ce:

"Tunda duƙawa kike so, kotu za ta ba ki ita har ki ƙoshi. A je ɗakin tarihi a ɗauko fartanya a rataya mata a kafaɗa. A ware mata kusurwar gabas inda aka kama ta, ta duƙa a can kullum har kaka, duk mai wucewa ya gani ya ɗauki darasi. Kuma kusurwar nan ba feshi, ba taki, don ba a ɓata kayan zamani a kan mai laifi."

Jama'a suka ce madalla da adalci. Gadu kaɗai ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, hukunci ya yi. Sai dai rantsuwata fa? Na ce babu mai duƙawa a cikin gandu."

Hawainiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta daɗe ba ta sauke ba, sannan ta ce, "Daga yau kusurwar gabas ba gandu ba ce. Filin horo ne." Aka kafa turaku aka ja igiya, kowa ya watse yana yaba zurfin ilimin shari'a.

Kada a ɗauka horon nan wasa ne. Gafiya ta sha wuya. Saiwar jan-kara ta riga ta sarƙe da ta masara, in ta ja da ƙarfi sai ta tumɓuke su tare, ta zauna ta yi ta salati tana mayar da masarar cikin ƙasa. Wasu suka kama, wasu suka bushe. Rana ta dake ta, ƙugu ya hana ta barci. Malaman makaranta suka riƙa kawo yara suna jeruwa a bakin igiya, ana nuna musu ƙarshen mai taurin kai. Ita kuwa sai ta nome ciyawar, ta juya saiwarta sama rana ta kashe, ta tara ƙasa a gindin kowace masara, tana yi tana yi musu magana kamar jikokinta.

Abokiyar aiki ma ba nema ta yi ba, tsautsayi ne ya kawo mata. Bushiya, maƙwabciyarta, ta ɗauko mata ruwan sha a ƙoƙo, ta ratso ta cikin gandu don ta gajarce hanya. Wani biri ya daka mata tsawa daga sama. Kowa ya san halin Bushiya in ta firgita, nan take ta dunƙule. Biri ya ce wannan ai ya wuce duƙawa. Aka kai ta gaban Hawainiya tana rantse-rantse, aka yanke mata hukunci irin na Gafiya, aka ɗauko fartanya ta biyu.

"Yaya, ni fa ruwa na kawo miki," in ji Bushiya tana hawaye.

"Na sani, ƙanwata, Allah ya ba ki lada. Kama wancan layin, ki bi a hankali, saiwar ta kama ta masara."

Sannu a hankali masarar kusurwa ta fara farfaɗowa. Ba wani taki aka ƙara mata ba, ɗan abin da ya rage a ƙasa ne ya zama nata ita kaɗai. Rawaya ta ja da baya, kara ya yi kauri, ta fid da kai, ta yi goyo. Daga sama kuwa ba abin da ake gani sai jar ƙasa tsakanin layuka, don haka Raƙumin Dawa ya sanar da majalisa cewa a duk faɗin wurin babu inda ya lalace kamar filin horo, kuma kada a sa ran ko ƙwaya daga can. Aka amince da bayaninsa baki ɗaya, har da tafi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaka ta yi, aka buga ganga, dabbobi suka shiga gandu da kwanduna. Suka yi ta kutsawa cikin ciyawar da ta fi wasunsu tsawo, suna laluben masara. Inda aka sami kara, babu goyo. Inda aka sami goyo, in an ɓare sai a ga totuwa da 'yan ƙwayoyi a warwatse kamar haƙoran tsohuwa, waɗanda ko kaza ba za ta tsaya musu ba, balle a yi iri da su. Aka fito da kwanduna yadda aka shiga da su. Aka nemi Hankaka, aka ce ya tafi ta'aziyya wani gari mai nisa.

Can sai iska ta kaɗo daga gabas, busasshen ganye ya yi ƙara. Kowa ya juya. Ga Gafiya da Bushiya a bayan igiya sun tara zangarnu, ba su da yawa, amma cikakku, farare, har baki. Yunwa ba ta da kara. Taron ya nufi wurin, Gadu a gaba, yawunsa ya tsinke.

"Inna, sannu da ƙoƙari," in ji shi, yana kallon tulin ba ita ba. "Kin ga halin da ake ciki. Majalisa za ta karɓi wannan a raba wa jama'a, ko baki a taɓa."

Gafiya ta matso kusa da zangarnunta. Ta dubi tulin, ta dubi bakunan da suka kewaye shi. In aka raba, ba zai kai su ko'ina ba, kafin rana ta faɗi an gasa an cinye, farar masara ta zama labari. Ba ta da ƙarfin hana ko biri ɗaya. Ta sauke fartanya daga kafaɗa, ta dogara da ita, ta ce da ƙaramar murya:

"Ranka ya daɗe, kai ne da daji, abin da ka ce shi za a yi. Wannan dai shi ne irin da ya rage, in an ci an cinye har da na baɗi. Amma ni tsohuwa ce, kaina ba ya riƙe magana, ina so a faɗa mini abin da zan ce. In yara suka tambaye ni daga ina masarar da Sarkin Noma ya raba ta fito, in ce daga ina?"

Gadu ya auna maganar. In ya ce daga gandu, ga gandu nan kowa ya fito daga cikinsa hannu rabbana. In ya ce daga filin horo, to ya faɗa da bakinsa cewa inda aka duƙa nan aka samu, kuma rawanin da ya rantse da shi yana kansa. Ya dubi Raƙumin Dawa, Raƙumin Dawa ya sami wani abin kallo a cikin gajimare. Ya dubi Hawainiya. Ita kuwa ido ɗaya na kan masara, ɗaya na kan rawani, launi na zuwa yana komawa a jikinta. Da ta gama auna wanda ya fi nauyi, sai ta ce:

"Kotu ba ta aiki da jita-jita. Kwamitin Duba Gona ya riga ya tabbatar cewa filin horo ba zai ba da ko ƙwaya ba, majalisa kuma ta amince har da tafi. Saboda haka a gaban shari'a babu komai a wurin nan. Abin da babu shi kuwa, ba a raba shi. Masu laifi sun gama horonsu, su share filin su tafi gida."

Gadu ya haɗiye yawu, ya gyara rawani, ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, taron ya juya kowa na yi kamar bai ga komai ba, ko da yake wasu wuyansu ya ƙi juyawa tare da jikinsu. Gafiya da Bushiya suka yi ta jigilar babu ɗin nan a ka har suka kwashe ta tas. Da yamma Gafiya ta hura wuta, ta ɗaure zangarnu, ta rataye su ɗaya bayan ɗaya. Da hayaƙi ya tashi ya lulluɓe su, ta zauna ta yi dariya, ta yi kuka, ta sake yin dariya, ƙugunta na zogi ba ta ko kula ba.

Ranin wannan shekara dai an ji jiki. Aka ci 'ya'yan itace, aka tono saiwoyi, aka gwada faten 'ya'yan harkiya aka gane ba don ci Allah ya yi ta ba. Ba wanda ya mutu, amma ƙibar da aka tara ta koma inda ta fito, aka daina dara don ba mai ƙarfin gardama. Majalisa ta zauna sau da yawa a kan matsalar, ta kuma kafa ƙaramin kwamiti ya binciki halin ruwan sama. Maganar soke doka ba wanda ya tayar, domin ba a ga laifin da ta yi ba.

Da ruwan shuka ya sauka, Gafiya ta raba irinta biyu, ta bar rabi a saman murhu, ta ƙulle rabi a zane. Ta kama hanyar gandu da sassafe da niyyar ta sami dogari ta duƙa a gabansa, a yanke mata hukunci da wuri kafin jan-kara ta riga ta. Tana isa ta tarar da layi. Bushiya ce a gaba, Kurege na bin ta, ga Zomo da iyalansa, ga Barewa, ga Beguwa, kowa na jiran biri ya juyo ya duƙa. Wani ya ce ƙaya ce ta soke shi, wani ya ce abu ya faɗo masa. Birai suka kama har suka gaji, daga ƙarshe suka kama juna. Hawainiya ta yi ta yanke hukunci, ɗakin tarihi ya koma fanko, aka yi ta matsar da turaku ana faɗaɗa filin horo don ya ɗauki masu laifi.

Ana cikin haka sai ga Sarkin Noma ya zo duba yadda tarbiyya ta lalace. Ya tsaya ya yi wa taron faɗa sosai a kan raina doka. Yana juyawa zai tafi, a kan busasshiyar ƙasa mai kyau, santsi ya kwashe shi, ya zube a kan gwiwoyinsa na gaba, daidai gaban mai shari'a. Ya daɗe bai tashi ba, har sai da ya tabbata idanunta duka biyu sun gan shi. Ya ce shi ba ya neman sassauci, doka ba ta san babba ba. Gafiya ta miƙa masa fartanya, ta nuna masa layi, ta ce ya bi a hankali.

Gandu kuwa yana nan, ko da yake ya ɗan matse, yanzu bai fi shimfiɗar tabarma ba. Duk shekara Giwa kan fesa shi, a zuba masa taki, Raƙumin Dawa ya duba ya ce bai taɓa ganin kore irin na bana ba, a yi tafi. Dokar ma tana nan daram, ba wanda ya taɓa ta, kuma duk dajin babu mai musun cewa ta yi amfani. An dai lura cewa da zarar damina ta faɗi, masu bin doka kan yi wuyar gani a wurin, ba sa dawowa sai masara ta yi goyo.